Oftikal ko koksiyal: wace waya zan sa wa amfilifaya?

Abba Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin masu ilimin abin. Na samu amfilifaya 'yar kwatano, Yamaha, da sifiku biyar da wufa, wato babbar sifikar nan mai fitar da sauti mai kauri. Tsohuwar ƙira ce, ba ta da HDMI ko ɗaya. A bayanta akwai ramuka biyu masu kusurwa huɗu an rubuta OPTICAL, da wani zagayayye ruwan lemo an rubuta COAXIAL. Talabijin ɗina ramin oftikal gare shi, dikodar kuma koksiyal. Mai shago ya nuna mani wata wayar oftikal mai bakin zinare, ya ce ita ke fiddo bes, wato kaurin sauti, sosai, kuɗinta kuma ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Kafin in zuba kuɗina, wacce ta fi sauti?

Kabir Layout:
Wa alaikumus salam. Abba kada ka wahalar da kanka, koksiyal. Ni duka biyun gare ni a falo. In na sa ta koksiyal har cikin ƙirji nake jin wufa, kuma sifikun baya na magana. In na koma oftikal sai sautin ya yi siriri, na baya su yi tsit. Jan ƙarfe ba wasa ba ne, ita kuwa waccan roba ce kawai.

Malam Sani Mai Gyara:
Abba, da farko dai rabu da maganar bakin zinare. Wayar oftikal ba lantarki ke bi ta cikinta ba, haske ne. Ka jona gefe ɗaya a talabijin ka duba ɗaya gefen, za ka ga jan haske ɗan ƙarami. To mi ya haɗa haske da zinaren da aka shafa a wajen kai? Ado ne kawai. Ko a koksiyal ma aikin zinaren hana tsatsa ne, ba ya ƙara bes.

Kabir Layout:
Wannan na yarda da shi Malam Sani. Amma batun wacce ta fi fa?

Injiniya Lawal:
Bari in ɗan tsawaita, don in an gane tushen abin sauran gardamar za ta yi sauƙi. Wayoyin nan biyu saƙo iri ɗaya suke ɗauka. Sunan tsarin S/PDIF, kamfanonin Sony da Philips suka tsara shi, shi ya sa harufan farko na sunayensu ke ciki. Kan nan mai kusurwa huɗu na oftikal kuma kamfanin Toshiba ya fito da shi a 1983, ana ce mashi TOSLINK. Abin da ke tafiya ciki ba sauti ba ne irin wanda ke bin wayar ja da fari, lambobi ne, sifili da ɗaya. A koksiyal lambobin na tafiya a matsayin ɗan lantarki na wajen rabin bolt. A oftikal kuma wata 'yar fitila ce ke ƙyaftawa da sauri, na'urar da ke ɗaya gefen tana karantawa. Amfilifaya ita ke maida lambobin su zama sauti.

Kamar tura kuɗi ne ta waya. In ka tura wa mutum dubu goma, dubu goma za ta shiga, ko da wane layi ka tura. Layi na iya hana ta shiga, amma ba ya ƙara mata ko sisi. Haka waya ba ta da hanyar da za ta zaɓi lambobin bes ta ƙara masu nauyi. In ta lalace, abin da za ka ji shi ne yankewa, ko ƙas-ƙas, ko shiru gaba ɗaya.

Kuma iyakarsu ɗaya. Duk biyun na ɗaukar sitiriyo tsantsa, wato PCM mai hanya biyu, da Dolby Digital 5.1 da DTS 5.1, wato tsarin sautin sifiku biyar da wufa. Kusan a nan suka tsaya.

Kabir Layout:
Injiniya da girmanka, amma kunnena ba ya yi mani ƙarya. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Har abokaina sun shaida.

Injiniya Lawal:
Ban ce kunnenka ya yi ƙarya ba Kabir. Na yarda ka ji bambanci. Tambaya ɗaya zan yi maka. Wayar koksiyal ɗin daga ina ta taso, ta oftikal kuma daga ina?

Kabir Layout:
Koksiyal daga dikoda kai tsaye. Oftikal daga bayan talabijin.

Injiniya Lawal:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Ba wayoyi biyu kake gwadawa ba, na'urori biyu kake gwadawa. Dikoda na miƙa wa amfilifaya Dolby Digital yadda tashar ta aiko shi, hanya shida, kowace sifika da rabonta, wufa ma da nata. Shi kuwa talabijin, musamman tsofaffin ƙira, da yawansu in sauti ya shigo masu ta HDMI sai su matse shi ya koma hanya biyu kafin su fitar ta oftikal. Wasu kuma suna iya wucewa da shi yadda yake, amma daga kamfani an bar setin a kan PCM. Dole sifikun baya su yi shiru, dole wufa ta rage. Ka duba fuskar amfilifayarka lokacin da kake canzawa. In kana kan koksiyal mi take rubutawa, in ka koma oftikal mi take rubutawa?

Kabir Layout:
Ina waje yanzu. In na koma gida zan duba.

Malam Sani Mai Gyara:
Kafin ya dawo, bari in faɗi abin da ni ke damuna, don ni abin da ke zuwa kan teburina nake gani. A garin nan ba daɗin sauti ya kamata ya fara raba gardamar nan ba, yanayin wutar gidajenmu ne. Gidaje da yawa a cikin gari ba a yi masu at na kirki ba, wato wayar nan da ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa. Soket na da baki uku, amma in ka kwance shi waya biyu ce a ciki. Shi ya sa za ka taɓa ƙarfen bayan dikoda ko bakin wayar dish ka ji yana ɗan cizonka, balle in ba takalmi a ƙafarka. Wayar koksiyal na da ragar ƙarfe a jikinta, wannan ragar na haɗa jikin dikoda da jikin amfilifaya. Duk wata wuta da ke yawo a jikin ɗaya sai ta samu hanyar zuwa ɗaya. Daga nan ake samun gurnanin nan, huuum, da ke fita a wufa ko ba a kunna komai ba. Wani gidan sai an tada janareto yake fitowa, wani sai an koma kan inbata.

Akwai wani bawan Allah a Sabuwar Unguwa da ya ɗauko mani wufarsa a Keke Napep, wai ta lalace. Na jona ta a shago, tsit, lafiyarta lau. Na bi shi gida. Muna maida ta gurnani ya dawo. Na sa hannu na zare wayar dish daga bayan dikoda, nan take falon ya yi shiru. Muka cire koksiyal muka sa oftikal tsakanin talabijin da amfilifaya, aka maida wayar dish, ba a sake jin komai ba. Roba ba ta ɗaukar wuta, shi ke nan sirrin.

Nura Daura:
Malam Sani wallahi wannan cizon ina fama da shi a gidan kallona. Ashe ba dikodar ba ce.

Malam Sani Mai Gyara:
Ba ita ba ce Nura. Ka nemi mai wayarin ya kafa maka sandar at a ƙasa ya haɗa ta yadda ya kamata, wannan maganar lafiyar mutane ce ma kafin ta sauti. Sai kuma damina. Daga Yuni zuwa Satumba kayan da aka fi kawo mani su ne waɗanda tsawa ta taɓa. Ba sai ta faɗo kan gidan ba. Ta faɗi kusa, wuta ta biyo wayar dish, ta shiga dikoda, ta bi HDMI ta kashe ramin talabijin, in akwai koksiyal ta bi ta ta isa amfilifaya. In oftikal ce a tsakani, ta wannan hanyar dai ba ta wucewa. Amma kada wani ya ce na ce oftikal maganin tsawa ce. Ta soket ma tana shigowa. In hadari ya haɗo a zare filogi, a zare wayar dish.

Sadiq Goruba:
To ai shi ke nan, oftikal ta ci.

Malam Sani Mai Gyara:
Kada ka yi sauri ƙanena, ita ma da nata. Ƙura ce babbar abokiyar gabarta, mu kuwa ka san yadda hunturu ke yi mana. Ramin oftikal da aka bari a buɗe shekara da shekaru, musamman a kayan kwatano da murfinsu ya ɓace, za ka tarar ƙura ta toshe idon. Sai a ce ramin ya mutu, alhali hura shi kawai ake buƙata, a goge bakin wayar da ƙyalle mai laushi. Na biyu, ba ta son lanƙwasa. Masu manna talabijin a bango su danna shi har wayar ta karye a gindin kai, daga waje ba ka ganin komai, ciki kuwa ta tsage. Na uku, kanta ba ya kamawa da ƙarfi kamar na koksiyal. Yara na wasa a bayan teburi, ko ana shara, an ɗan ja ta, ta fita. Kuma sabuwa na zuwa da 'yar hular roba a kowane baki. Sau da yawa ana kirana wai waya ba ta shiga, in na je sai in tarar da hular ake ta dannawa, har an karya ɗan ƙyauren da ke bakin ramin.

Koksiyal kuwa ko taka ta aka yi ba ruwanta.

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta yi kama. Mun canza talabijin, sabon ba shi da ramin ja da fari na fitar da sauti, sai oftikal kaɗai. Sifikunmu kuma irin na kasuwa ne masu wufa ɗaya da ƙanana biyu, ja da fari kawai suke karɓa. Maigidan ya sayo wani ɗan akwati baƙi da ake sa wa oftikal ta gefe ɗaya, ja da fari su fita ta ɗaya gefen. In yara na kallon YouTube lafiya lau. Amma in aka sa wasu tashoshin sai wata ƙara shhhh mai ƙarfi ta cika ɗaki, har tsoro take ba ni. Akwatin ne ba shi da kyau?

Injiniya Lawal:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwatin lafiyarsa lau. Irin waɗannan ƙananan akwatunan PCM kaɗai suka iya karantawa. In tasha ta aiko Dolby Digital, talabijin ya miƙa mashi haka nan, shi kuma bai san yadda zai warware shi ba, sai ya fitar da shi a matsayin wannan ƙarar. Ki shiga setin na sauti a talabijin, ki nemi wurin da ya shafi fitar sauti ta oftikal, za ki ga an bar shi a kan Auto ko Dolby Digital. Ki maida shi PCM. Ki rage ƙarar sifikun kafin ki gwada, don wannan shhhh ɗin na iya ƙona ƙananan.

Ku lura jama'a, shawarar da na ba Hajiya kishiyar wadda zan ba Abba ce. Ita PCM za ta sa don sifikunta hanya biyu ne. Shi kuwa amfilifayarsa ta iya warware Dolby da DTS, don haka Auto ko Bitstream zai sa, wato talabijin ya miƙa sautin yadda ya zo.

Maman Ilham:
Alhamdu lillahi, na canza, ƙarar ta tafi. Allah ya saka da alheri Injiniya. Sai dai rimot ɗin talabijin ba ya rage sautin sifikun.

Injiniya Lawal:
Amin Hajiya. Haka abin yake a yawancin talabijin, oftikal da ƙarfi ɗaya take fita. Da rimot ɗin sifikun za ki riƙa ragewa.

Kabir Layout:
Na dawo, na duba. Kan koksiyal tana rubuta Dolby Digital, kan oftikal PCM. Na shiga setin talabijin na maida Auto, yanzu duka biyun Dolby Digital suke nunawa, sifikun baya sun tashi. Wannan kam Injiniya ya faɗi daidai. Amma ban sauka daga kan maganata duka ba. In na sa faifan CD na kiɗa, na rantse koksiyal ta fi tsabta. Kuma na sha karantawa cewa koksiyal na kai 192 kHz, oftikal kuwa da yawa a 96 suke tsayawa. Wannan ba bambanci ba ne?

Injiniya Lawal:
Bambanci ne, kuma gaskiya ne. Shi kHz awon yawan lambobin sauti ne a kowace daƙiƙa, ramukan oftikal da yawa 96 kHz ne iyakarsu, koksiyal ta fi samun kaiwa 192. Akwai kuma abin da masana ke tattaunawa na rawar lokaci, wato lambobin su iso daidai amma tazarar da ke tsakaninsu ta ɗan yi rawa, kuma a awon na'ura oftikal mai araha ta fi nuna wannan. To amma mu duba abin da muke saurare. Faifan CD 44.1 kHz ne. Sautin fina-finai da na tashoshin dish 48 kHz ne. Duka suna ƙasa da 96 da nisa. Dolby Digital kansa iyakarsa 640 kbps, DTS na DVD kuma wajen 1.5 Mbps, kowace daga cikin wayoyin na ɗauke su ba tare da nishi ba. Wanda ke da fayilolin kiɗa na 192 da na'urar da ke karanta su, shi ne zan ce ya nemi koksiyal. A falon da fanka ke juyawa, janareton maƙwabci na ruri, ban ga kunnen da zai kamo rawar lokaci ba.

Kabir Layout:
Ni dai ina ji. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Sadiq Goruba:
Ni tambayata daban. PS5 gare ni, na duba bayanta ba oftikal ba koksiyal. PS4 ɗina ta da tana da shi.

Injiniya Lawal:
PS4 ta farko da Pro suna da oftikal, Slim ce aka cire mata, PS5 ma ba ta da shi, haka Xbox Series X. Kamfanoni sun koma HDMI. Tun 2009 aka kawo ARC a HDMI 1.4, wato talabijin ya maido sauti zuwa amfilifaya ta wayar HDMI ɗin kanta. A 2017 aka kawo ingantaccensa, eARC, tare da HDMI 2.1, shi ke ɗaukar manyan tsarin sauti irin su Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio da Atmos cikakke. Waɗannan ba oftikal ba koksiyal da ke iya ɗaukarsu. In amfilifayarka na da ARC ko eARC, bi ta nan, har rimot ɗaya zai riƙa yi maka aiki. In tsohuwa ce irin ta Abba, sa PS5 a talabijin, ka ɗauko oftikal daga talabijin, a setin PS5 ka zaɓi Dolby. In ka ga sauti na ɗan makara a wasa, gwada PCM, ya fi saurin isowa amma hanya biyu za ka samu.

Nura Daura:
Yauwa, yanzu a zo kan tawa. Gidan kallon ƙwallo gare ni nan Daura. Dikodoji na gaba wurin talabijin, amfilifaya kuma na maida ta baya wurin da nake zama ina karɓar kuɗi, don yara na yawan taɓa ta. Tsakani zai kai mita 15. Da ja da fari na ja, amma gurnani ya hana mu jin mai sharhi in an tada inji. Oftikal mai wannan tsawon za ta yi?

Malam Sani Mai Gyara:
Ban ba ka shawara ba. Oftikal ta roba da muke samu a kasuwa daga mita 5 zuwa 10 take da tabbas, in ta wuce haka hasken na raunana, sai ka ji sauti na ɗaukewa yana dawowa. Ga zafin kwano, ga ɓeraye a silin. Nan koksiyal ce gwana. Kuma ba sai ka je Kano neman ta musamman ba. Abin da ake buƙata waya mai awon lantarki om 75, ita kuwa wayar dish ɗin nan RG6 da kake da ragowarta om 75 ce. Ka sa mata kan F irin na dish a kowane gefe, ka sayi 'yan kawunan da ke maida F ya koma RCA, wato kai irin na wayar ja da fari. A ƙarshenta wurin amfilifaya ka sa ɗan akwati irin na Hajiya, yawancinsu na karɓar koksiyal ma, ka bar dikoda a kan PCM. Ja da fari su zama gajeru, daga akwatin zuwa amfilifaya kawai.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Ramin da aka rubuta COAXIAL ko S/PDIF za ka sa ta, ba inda wayar dish ke shiga ba. Wancan ramin na LNB wuta yake fitarwa, bolt 13 ko 18, in ka kai shi ga akwatin ka gama da shi.

Nura Daura:
To gurnanin fa Malam, tunda ka ce koksiyal na ɗaukar shi?

Malam Sani Mai Gyara:
Zai iya raguwa, zai iya saura, tunda ragar ƙarfen na nan. Fara da gyara at, kuma ka ja wa amfilifaya wuta daga layi ɗaya da dikodojin. In ya ƙi, akwai ɗan akwatin da ke maida koksiyal ta koma oftikal, da caja mai bolt 5 yake aiki. Ka ja RG6 ɗin har baya, ka sa shi, sannan oftikal 'yar mita ɗaya ta shiga akwatin ja da fari. Kowane akwati da cajarsa daban. Ka samu tsawon koksiyal, ka kuma yanke hanyar ƙarfe kafin amfilifaya.

Abba Ƙofar Ƙaura:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga abin da na fahimta zan yi, a gyara mani in da kuskure. Oftikal ta talakawa mita biyu daga talabijin zuwa amfilifaya, setin a kan Auto. In talabijin ya ƙi wucewa da Dolby na dikoda, sai in ja koksiyal daga dikodar kai tsaye.

Malam Sani Mai Gyara:
Daidai. Kuma kafin ka sayi koksiyal duba cikin kwalin tsohuwar DVD ɗinka. Wayar nan mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, ta ruwan ɗorawar ta hoto ce, om 75 aka yi ta, za ta yi maka aikin koksiyal a ɗan gajeren zango. Ja da farin ne ba a so. In ka ji gurnani bayan ka sa ta, ka san daga inda ya fito.

Kabir Layout:
Malam Sani ni fa maganar CD ɗin nan ba ta mutu ba. DVD ɗina na da ramukan biyu a jikinta, na'ura ɗaya ke nan, ba wanda zai ce mani setin talabijin ne.

Injiniya Lawal:
To wannan gwaji ne na adalci. Ka kawo ta da faifan da ka fi sani. A jona duka biyun a amfilifaya ɗaya, ƙara ɗaya, ba a taɓa komai. Ka juya baya, wani ya riƙa canzawa ba tare da ya faɗa maka ba, sau goma, kana faɗin wacce ce, ana rubutawa. In ka ci tara ko goma zan faɗa a nan gaban kowa cewa kunnenka ya kamo abin da nawa bai kamo ba.

Kabir Layout:
Na yarda. Amma a kashe fanka, kuma da sifikuna za a yi.

Malam Sani Mai Gyara:
To a gidanka ke nan za a yi, don ba zan bari a yi ta jigilar sifiku ba. Asabar bayan La'asar in Allah ya kai mu. Ni zan riƙe rimot, Sadiq ya yi rubutu. Zan taho da oftikal sabuwa da koksiyal masu tsawo ɗaya. Kabir ka tabbata batirin inbatarka a cike yake.